Harafin da Ya Maƙale

Da ɗaki ɗaya muka fara,
saman bene, bayan Tudun Hatsi.
A ƙasa masu awon wake suna ta ciniki,
a sama mu biyu ne, da tebur mai ƙafa uku,
tubali ya tsaya a madadin ta huɗun.

Shi Barista Gidado, ni mai buga tafireta.
Harafin "r" ya maƙale tun makon farko,
sai in bi layi ina cike gurbi da biro,
har alƙalin Bauchi ya riƙa gane takardarmu
tun bai kai ga sa hannu ba.

Lokacin Gombe ba ta zama jiha ba.
Da asuba muke kama hanya,
fayil a cinya, rigar kotu a leda.
In taya ta fashe a Alkaleri,
shari'a ta ɗagu ke nan, sai wata mai kamawa.

'Yan kasuwa dariya suke mana.
"Me takarda za ta ɗaure
wanda musabaha ba ta ɗaure ba?
Ubana ya ba da bashin shanu talatin,
shaidarsa Allah kaɗai."
Barista ba ya jayayya. Sai ya gyara tabarau:
"Gaskiya ne, Alhaji.
Amma Shi ɗin ne Ya ce a rubuta bashi."

Sai shekarar da Alhaji Manu ya cika,
ya bar injin gurzar auduga, da 'ya'ya tara,
da abokin tarayya mai saurin mantuwa.
Shafi biyu da rabi ne kawai,
ya ma sa hannu ne don kunyar Barista,
amma takardar ta miƙe tsaye a kotu
ta yi magana da bakin mamaci.
Kashegari takalma sun cika mana matakala.

Masu tirelar siminti suka gangaro daga Ashaka,
manoman shinkafa daga Dadin Kowa,
matan Kumo masu man gyaɗa
suka zo da kuɗin rajista ƙulle a bakin zane,
suna son suna da hatimi irin na kowa.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Akwai damina guda da banki ya rushe da ajiyarmu,
albashina ya zo a buhun masara.
Akwai shari'ar da muka faɗi, muna da gaskiya,
saboda kwanan wata ɗaya da na buga ba daidai ba.
Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Rifkatu ta zo daga Kaltungo da jaka ɗaya.
Masu ƙara su dube ta, su dubi ƙofa:
"Yarinya, ina lauyan?"
Ta ja kujera ta ce, "Ga ta nan zaune."
Bayan shekara shida aka kira mai fenti
ya ƙara sunanta a allo.
Sau uku ke nan allon yana sake riga.

Yau bene huɗu ne a Jekadafari,
reshe a Yola, reshe a Jalingo,
lauyoyi ashirin da ban riƙe sunan rabinsu ba.
Suna ƙulla yarjejeniya da mutumin Legas
ba wanda ya ji ɗumin tafin wani.
Barista ya tafi bara, ranar wata Laraba,
tabaransa na nan cikin aljihun tebur.

Tafiretar kuwa sun sa ta a gilashi, bakin ƙofa,
yara suna ɗauka ado ne.
Jiya da aka tashi na roƙi maigadi mabuɗi,
na sa yatsa a kan "r" na danna.
Shekara arba'in da ɗaya,
har yanzu bai sauko ba.